Yadda Ake Ƙera Ƙaramin Jirgi Mara Inji Don Shawagi a Tuddan Jos

Duk wanda ya taɓa tsayawa a gangaren duwatsun Shere da hantsi a lokacin hunturu ya ga shirwa tana kai da kawowa a gaban tudu, minti biyar, minti goma, ko sau ɗaya ba ta kaɗa fiffike ba. Iska ce ke tahowa daga fili, ta ci karo da tudun, ta rasa hanya sai sama. Abin da ya shiga cikin wannan iska mai hawa, in dai saurin saukarsa bai kai saurin hawanta ba, sama zai yi. A kan tudun Wasserkuppe Jamusawa suka fara gasar jiragen da ba su da inji a 1920, kuma da wannan dabarar ƙaramin jirgin da za mu ƙera zai tashi, kana riƙe da rimot a bakin tudu.

Jirgin da za mu kwaikwaya shi ne K 8, na kamfanin Schleicher da ke gindin wancan tudun a Jamus. Rudolf Kaiser ne ya zana shi, ya fara tashi a 1957. Faɗinsa daga bakin fiffike zuwa bakin fiffike mita 15 ne, tsawon jikinsa mita 7. An zaɓe shi ne saboda jikin na ainihin bututun ƙarfe ne da aka lulluɓe da ƙyalle, ɓangarorinsa a shafe suke, ba kumbura irin ta jiragen zamani da ke buƙatar a zuba su a mazubi. Fiffikensa kuma a saman kafaɗa yake, nesa da dutse lokacin sauka. Idan aka raba kowane awo da 7.5, za a sami faɗi mita 2 da tsawo santimita 93. Wannan girman yana shiga bayan mota in an raba fiffiken biyu, kuma ido yana iya bin sa cikin hazo.

Sai dai akwai wuraren da ba za mu bi na ainihin ba. Kana iya rage girman jirgi, amma iskar da zai tashi a ciki tana nan yadda take, ƙaramin fiffike kuwa ba ya riƙe iska kamar babba. Ga kuma tsayin Jos: garin yana wajen mita 1,200 sama da teku, ƙolin Shere ya kai mita 1,829. Iskar gari ta fi ta Legas sauƙi da kusan kashi 11 cikin ɗari, ta ƙolin da kusan kashi 16. Jirgi mai nauyi ɗaya zai buƙaci ƙarin gudu a nan kafin ya tsaya a sama, zai kuma sauka da ƙarin gudu a kan ƙasar da yawancinta dutse ne. Saboda haka za mu faɗaɗa bakin fiffike, mu ƙara girman jela, mu hana nauyi wuce giram 900, mu kuma ƙarfafa hanci.

Awo da kayan aiki

Kowane rabin fiffike tsawonsa santimita 100. Faɗinsa a gindi 17, a tsakiya 13, a baki 9. Gefen gaba a miƙe yake sak daga baki zuwa baki, gefen baya ne ke tsukewa. Shimfiɗar fiffiken gaba ɗaya ta kama murabba'in santimita 2,600. Jelar kwance faɗinta 42, zurfinta 11 a tsakiya, 7 a baki. Jelar tsaye tsayinta 17, matsakaicin faɗinta 11. Daga hanci zuwa gefen gaban fiffike 24. Jiki a wajen matuƙi faɗi 8, tsayi 13.

Itacen balsa da littattafan Turai ke ambata yana wuyar samu a nan, kuma ba a buƙatarsa. Cikin fiffike za a yi shi da farin fom mai tauri, irin wanda ke zuwa cikin kwalin firji ko wanda masu gini ke sayarwa falle-falle, mai kaurin santimita 5. Zaɓi mai ƙananan ƙwayoyi da suka manne sosai. Wanda ke marmashewa in ka goga babban yatsa bai yi ba. Katako kuma obeche ne, wanda wasu masu katako ke kira arere. Masu ƙera irin waɗannan jirage a Jamus daga Afirka ta Yamma ake kai musu shi, su lulluɓe fiffike da shi, mu kuwa ga shi a kasuwar Katako. Nemi busasshe mai miƙaƙƙen zare, ka sa mai injin tsaga ya fitar maka da: tsinke biyu na milimita 6 da 20, tsawon mita ɗaya, biyu na 6 da 8, shida na 4 da 4, da 'yan falle masu kaurin milimita 2.

Sauran kaya: filawud mai kaurin milimita 2 ko 3, guntun fomika, takarda mai ruwan ƙasa irin ta bangon littafi, farin gam na kafinta, gam mai haɗi biyu irin Araldite, salatif mai zare a ciki, samfefa mai lamba 80 da 180, reza sabuwa, da dalma kamar giram 100. Kada gam ɗin takalmi, ko sufa gulu, ko fenti mai tina ya taɓa fom. Narkar da shi suke yi nan take, ka ga rami ya buɗe a inda ka ɗiga.

Na lantarki: rimot mai tasha shida na zangon 2.4 GHz da risibarsa, wato na'urar da ke karɓar saƙonsa a cikin jirgi, irin FlySky FS-i6 ya wadatar. Ƙananan sarbo huɗu, wato 'yan injinan da ke motsa leɓunan fiffike da na jela, masu haƙoran ƙarfe irin MG90S. Da batir huɗu masu caji girman AA a jere, wato bolt 4.8. Sarbo mai haƙoran roba ya fi araha, amma saukar farko a kan dutse za ta kakkarye haƙoran.

Bakan yanka fom

Fiffike ba a sassaƙa shi da wuƙa, da waya mai zafi ake yanka shi. Haɗa katako uku kamar harafin H, ka ɗaura wayar nikurom mai kaurin milimita 0.4 da tsawon santimita 65 a gefe ɗaya, a ɗaya gefen ka ɗaura robar tayub ta ja ta. Ana samun wayar a cikin tsohon rishon lantarki, sai ka warware ta ka miƙar. Robar tana da muhimmanci, domin waya na ƙara tsawo in ta yi zafi, in ba abin da ke jan ta sai ta yi ciki. Waya mai wannan awo tana jan kusan amfiya 2 daga batirin mota, zafin da ake so ke nan. Gwada a kan guntu: in tana wucewa da ɗan sauti tana barin siraran gashi a bayanta, ta yi. In ta yi ja ko tana buɗe hanya mai faɗi, zafi ya yi yawa, matsar da maƙalin wuta ya ƙara tsawon wayar. A waje za a yi yankan, hayaƙin ba shi da kyau ga ƙirji.

Fiffike

Siffar da za mu yi amfani da ita sunanta Clark Y: cikinta a shafe, bayanta a kumbure, kaurinta kashi 11.7 cikin ɗari na faɗinta. Ana samun zanenta kyauta a intanet. Buga shi a faɗi uku, 17 da 13 da 9, ka manna a kan fomika, ka yanke, ka goge gefen har sai farce ya bi shi bai sarƙe ba; waɗannan su ne samfur da waya za ta bi. Duk ƙaramin tsini da ka bari, waya za ta tsaya a kansa ta ƙona layi a tsawon fiffiken. Raba kowane samfur gida goma daga gaba zuwa baya, ka rubuta lambobi.

Yanka fom gida huɗu, kowanne tsawon santimita 50: na ciki biyu, na waje biyu. Kafe samfur a kowane gefe da ƙananan ƙusoshi. A nan ne za a saka murɗiyar da ke ceton jirgi: lokacin kafe samfurin baki mai faɗin 9, ɗaga bayansa sama da milimita 3, wato kusan digiri 2. Dalili shi ne, in jirgi ya rage gudu fiye da kima, fiffike yana sakin iska. In bakin ne ya riga saki, jirgin zai kife gefe ɗaya ya nufi ƙasa yana juyi. In gindin ne ya riga, hanci kawai zai sunkuya, ya ɗebi gudu, ya ci gaba. Wannan milimita 3 ce ke sa gindin ya riga. Ka kuma tabbata ka yi dama da hagu. Yanka na dama guda biyu kuskure ne da ake yawan yi, fom ɗin kuma ba ya gyaruwa.

Yankan na mutum biyu ne. Ɗora nauyi a kan fom, kowa ya kama gefe ɗaya na bakan, mai babban samfur yana kiran lamba: ɗaya, biyu, uku, ɗayan yana daidaita tafiyarsa don su isa kowace lamba tare. Fara da bayan fiffike daga gaba zuwa baya, sannan ciki. Kada a ja da ƙarfi. In an yi sauri tsakiyar wayar tana zama a baya, ta yanke kumburin, fiffiken ya fito siriri a tsakiya. Kada kuma a tsaya. Ɓawon sama da na ƙasa da suka rage kada ka yar, su ne gadon da za a kwantar da fiffike a kai har a gama aiki.

Manna na ciki da na waje a kan gadonsu. Ja layi daga milimita 50 bayan gefen gaba a gindi zuwa milimita 27 a baki, inda fiffiken ya fi kauri, ka tsaga shi gida biyu a kan layin, ka rage milimita 6. A nan ƙashin fiffike zai zauna: tsinken 6 da 20 a tsaye, an fere shi ya bi kaurin, kusan milimita 19 a gindi zuwa 10 a baki. Shafa farin gam, haɗa, ɗaure da salatif, ɗora littattafai, bar shi ya kwana. Yanke milimita 6 daga gefen gaba ka manna tsinken 6 da 8, in ya bushe ka goge shi ya zama zagaye kamar yadda samfur ya nuna. Kada ka bar shi da kaifi. Gefen gaba mai kaifi yana sakin iska ba gargaɗi.

Mahaɗin rabi biyun sanda ce ta ƙarfe mai tsawon santimita 20. In ka sami ƙarfe mai tsalle irin na sifirin, milimita 6 ya isa. In ba haka ba, ɗauki sandar milimita 8 daga cikin tsohuwar firinta. Rodin gini mai kaurin 6 zai lanƙwashe ranar da ka ja jirgi daga nutso, fikafikan su tashi sama su ƙi komawa. Lanƙwasa sandar a tsakiya ta yadda in gindin yana kan tebur kowane baki zai tashi santimita 5. Bututun alminiyam da sandar ke shiga cikinsa ba girgiza, tsawon santimita 10 a kowane gefe, a manna shi jikin ƙashi da gam mai haɗi biyu, a rufe da filawud mai tsawon santimita 25 a ɗaya gefen ƙashin, a naɗe da zare mai ƙarfi, a sake shafa gam. Manna bututun biyu a lokaci ɗaya, sandar na ciki an shafa mata man shafawa, fikafikan an tokare su a tsayin da ake so. Rufe gindin kowanne da filawud mai siffar samfur, ka sa ɗan tsinken ƙarfe na milimita 3 kusa da baya don kada rabi ɗaya ya juya ya bar ɗaya.

Kafin lulluɓi, haƙa gurbin sarbo a cikin fiffike, santimita 55 daga gindi, bayan ƙashi, a kwance. Tsaga siririyar hanya zuwa gindi ka binne wayarsa. Shimfiɗa salatif mai zare a kan ƙashi, sama da ƙasa, daga gindi zuwa baki.

Lulluɓin takarda shi ne matakin da ya fi ɓata fikafikai a Jos, saboda bushewar iskar hunturu. Dama farin gam da ruwa, rabi da rabi. Shafa wa takardar har ta jiƙe ta saki jiki, shimfiɗa a cikin fiffike, bi da soso daga tsakiya zuwa gefe ka kori kumfa, nan take ka yi bayan, ya hau kan na cikin da santimita ɗaya a gefen gaba. Takarda tana tsukewa in tana bushewa, da ƙarfin da zai ba ka mamaki. In ka lulluɓe gefe ɗaya ka tafi cin abinci, za ka dawo ka tarar da fiffike ya lanƙwashe kamar ɓawon ayaba. Rataye shi a ɗaki a rufe, ba rana ba fanka, iska na samun gefe biyu daidai. In ya kusa bushewa, yana da ɗan sanyi a hannu, mayar da shi gadonsa da leda a tsakani, ɗora nauyi, kwana biyu. Sannan ka tsaya a bayansa ka hango gefen baya da ido ɗaya: murɗiyar dama da ta hagu su zama iri ɗaya.

Yanzu yanke leɓen fiffike, wanda masu harkar ke kira eleron, shi ne ke karkata jirgi dama ko hagu. Daga santimita 52 zuwa 94 daga gindi, faɗin 3.2 a ciki, 2.4 a waje. Rufe fuskokin da ka yanka da obeche na milimita 2, fere gaban leɓen a karkace don ya sami wurin sunkuyawa, ka haɗa shi da salatif ta sama a tsawonsa duka, ba rata. Iska na bi ta rata ta rage masa ƙarfi.

Jiki da jela

Jikin akwati ne. Yanka fallen fom na milimita 6 da bakanka, ka fitar da gefe biyu bisa hoton K 8 na gefe. Daga hanci zuwa santimita 5 bayan fiffike, manna filawud na milimita 2 ta ciki. Tsinken 4 da 4 ya bi kowace kusurwa har jela. Katangu huɗu na filawud: bayan hanci, gaban fiffike, bayan fiffike, da ɗaya a tsakiyar bayan jiki. Ja miƙaƙƙen layi a kan tebur ka haɗa jikin a kansa, domin jiki mai karkata ba ya tafiya sak ko me ka yi da rimot. Hancin kansa guntun obeche ne da aka sassaƙa, a rarake cikinsa don dalma. Ƙarƙashin hanci zuwa ƙarƙashin fiffike sa salatif mai zare ninki biyu kafin takarda, sannan ka manna tsinken katako mai faɗin santimita 1.5 da robar tayub a kansa. Na ainihin ma yana da irin wannan majanyi a gaban tayarsa, don haka bai ɓata kama ba.

Fiffiken da roba za a ɗaure shi: tsinken gora biyu na milimita 6 su ratsa jiki, ɗaya a gaba ɗaya a baya, roba shida a gicciye. Ƙusoshi masu murɗi sun fi kyan gani, amma in baki ya daki dutse, roba tana barin fiffike ya goce, ƙusa kuwa sai ta yage jikin. A ƙasar Jos roba ta fi. Rana tana cinye ta, a sauya duk wadda ta fara tsagewa.

Jela fom ne na milimita 5 da takarda mafi sauƙi da ka samu, da siririn katako a layin mahaɗi. Leɓen jelar kwance, mai ɗaga hanci da sunkuyar da shi, faɗin santimita 3. Na jelar tsaye, mai juya hanci, santimita 5. A nan ka yi rowar gam da fenti: duk giram ɗaya da ya ƙaru a jela sai an biya shi da kusan giram biyu da rabi na dalma a hanci. Lokacin mannawa, shafaffen cikin fiffike da jelar kwance su kasance a layi ɗaya in an duba daga gefe. Siffar Clark Y da kanta tana ba da kusan digiri 2 da ake buƙata. Auna daga kowane bakin fiffike zuwa ƙarshen jela da zare, dama da hagu su zo ɗaya.

Sarbo biyu na jela su zauna can gaba, batir a gabansu. Sandar turawa tsinken gora ne na milimita 5 da guntun sifok na keke a kowane ƙarshe, an naɗe da zare da gam. Riƙe leɓen da yatsa ka motsa rimot: in sandar tana lanƙwashewa, sa mata matokari a tsakiya. Murfin matuƙi kuwa, sassaƙa siffarsa a katako, cusa cikin babbar robar lemo, ka juya ta a kan zafin risho daga nesa har ta tsuke ta kama katakon, sannan ka yanke.

Fenti na ruwa, shafi biyu marasa kauri. Farin jirgi yana ɓacewa cikin hazon Disamba tun bai yi nisa ba. Yi bayansa ruwan ɗorawa ko ruwan lemo, cikin fiffike kuma ja mai duhu ko baƙi, don ka bambance ko bayansa kake gani ko cikinsa.

Cibiyar nauyi

Cibiyar nauyi ita ce wurin da in ka ɗora jirgi a kan yatsu, gaba da baya suke daidaita. Jiragen farko da yawa sun mutu a nan. Abin da aka saba ji shi ne a ɗaga jirgi a kashi ɗaya cikin uku na faɗin fiffike. Mutum sai ya auna gindi, 17, ya sa alama a milimita 57. Wannan jirgin ba zai tashi a haka ba, zai yi ta ɗaga hanci yana faɗuwa har ya daki ƙasa. Fiffiken yana tsukewa, gefen gabansa kuma a miƙe, don haka faɗin da ake lissafi da shi shi ne matsakaicin, kusan santimita 13.4. Kashi 30 cikin ɗari nasa milimita 40 ne. Sa alama a milimita 40 daga gefen gaba, dama da hagu kusa da jiki, ɗora jirgin a kan yatsu biyu da komai a cikinsa, ka ƙara dalma har hanci ya ɗan sunkuya kaɗan. Manna dalmar, kada ka bar ta tana yawo. Batir ma a tokare shi da soso. Sannan riƙe hanci da jela ka ga ko wani fiffike na rinjaya, ka cusa ƙaramar ƙusa a bakin mara nauyin.

Motsin leɓuna, ana aunawa a gefen baya: na fiffike milimita 12 sama, 6 ƙasa, na jelar kwance 7 sama, 7 ƙasa, na tsaye 25 kowane gefe. Dalilin rage saukar na fiffike shi ne, wanda ya sauka yana jan iska fiye da wanda ya hau, sai hanci ya juya kishiyar inda kake so. Tsaya a bayan jirgi ka tura sandar rimot dama: leɓen dama ya hau, na hagu ya sauka. Ja sanda baya: leɓen jela ya hau. Yi wannan kafin kowane tashi, kowane ɗaya.

Gwajin farko a fili mai ciyawa da ɗan gangare, da sassafe. Fuskanci iska, ɗan ruga, ka tura shi a miƙe, hanci ƙasa kaɗan. Mai kyau zai tafi mita 30 ko fiye a layi ɗaya. In yana hawa yana faɗowa, ƙara dalma giram 10. In yana nutsewa da sauri, ɗaga leɓen jela milimita ɗaya kafin ka taɓa dalma. Wanda bai taɓa riƙe rimot ba ya yi mako biyu da manhajar PicaSim, kyauta ce kuma don shawagin tudu aka yi ta. Abin da zai koya a can shi ne, in jirgi na tahowa gare ka, damarsa hagunka ce.

A bakin tudu

Kafin ka ɗauki jirgi zuwa ko'ina, ka san cewa tun 2016 hukumar NCAA mai kula da zirga-zirgar jiragen sama ta hana tashin jirage marasa matuƙi ba da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro ba. Nemi bayanin ƙa'idar da ke aiki yanzu daga hukumar. Ka nisanci filin jirgin sama na Heipang, barikin Rukuba, gidan gwamnati da duk wani shingen jami'an tsaro. Je ka gaida mai unguwar wurin, nuna masa jirgin a hannu, ya ga ba kyamara ba inji. A Filato wannan ziyarar ba a tsallake ta. Gonar dankali ko ta acca ba wurin sauka ba ce, garken shanu kuma yana firgita da inuwar abin da ke shawagi.

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iska daga arewa maso gabas take zuwa, sai ka nemi gangaren da ke kallon can. Da damina tana juyawa kudu maso yamma, amma hadarin Jos yana haɗuwa da sauri, ga tsawa, wani lokaci da ƙanƙara; da ka ga gari ya haɗe, sauko, takarda da farin gam ma ba sa son ruwa. Gangaren da ake so mai santsi ne, mai ciyawa, tsayin mita 30 ko fiye, gabansa a buɗe ba wani tudu ko dogayen itatuwa. Tarin manyan duwatsu masu hawa kan juna irin na Riyom suna da kyan kallo, amma suna farfasa iska ta zama tafasa. Tuddan ƙasar da haƙar kuza ta bari wajen Bukuru wasunsu na ɗaga jirgi, sai dai kusan kowanne da kududdufi mai zurfi a gindinsa. Jirgin da ya faɗa ciki a bar shi, kada kowa ya shiga ruwan.

Iskar da ta dace tana tsakanin kilomita 15 da 30 a awa: tana kaɗa riga sosai, tana kwantar da ciyawa, amma ba ta ture mutum. Ɗaura zare a tsinke ka ga ko tana dukan tudun kai-tsaye. In ta karkace da yawa, ɗagawar ta ragu. Watsa busasshiyar ciyawa a bakin gangaren: in ta tashi sama ta wuce kanka, akwai ɗagawa. In shirwa ko hankaka na shawagi a wurin, ba sauran tambaya.

Kunna rimot kafin risiba. Abokinka ya riƙe jirgi ka yi nisa taku 30 don gwada rimot daga nesa, ka ga komai na amsawa. Shi zai jefa, kai hannunka biyu na kan rimot. Ya tura shi da ƙarfi, hanci ƙasa kaɗan, kai-tsaye cikin iska. Hannu zai so ya ja sanda baya da zarar jirgi ya bar tudu. Kada ka ja. Bar shi ya fita gaba ya ɗebi gudu, iskar da kanta za ta ɗaga shi. Daga nan ka bi tsawon tudun dama da hagu, kowane juyi kana juya hanci waje, wajen fili. Juyi zuwa cikin tudu yana sa iska ta tura jirgin bayanka, inda take birkicewa tana dannawa ƙasa, a can kuma leɓuna ba sa jin magana.

In ya yi sama sosai, gwada cibiyar nauyi: sunkuyar da hanci kamar digiri 30, ka saki sanda. In ya ɗago a hankali, daidai ne. In ya ɗago da sauri ya yi sama, hanci ya yi nauyi, cire dalma giram 5 ka sake daidaita leɓen jela. In ya ƙara nutsewa, ja shi a hankali, sauko, ƙara dalma. Kada cibiyar ta wuce milimita 45.

Sauka tana buƙatar shiri tun kafin tashi: taka wurin da ƙafa, ka san inda ciyawa take da inda dutse ya ɓuya. Hanya mafi aminci ga sabon hannu ita ce a gefen tudu, inda ɗagawa ke da rauni. Fita gaba ka rage tsayi, dawo a gicciye kusa da gangaren, juya hanci cikin iska, ka riƙe gudu har ciyawa ta taɓa majanyi. In ka ga zai wuce, tura shi gaba ya koma cikin ɗagawa ka sake zagayowa, sau nawa ma. In iska ta mutu jirgi na ƙasa da kai, kada ka yi ta jan hanci sama. Zaɓi fili a gindin tudu, saukar da shi can, ka riƙe wata alama, itace ko dutse, kafin ka fara gangarawa. Bayan kowace sauka duba roba, girgiza kowane leɓe ka ji ko haƙorin sarbo ya karye, hura ƙurar da ta shiga, ka ɗora jirgin a kan yatsu biyu a alamar milimita 40 kafin a sake jefawa.